Kabarin da na gina a kan tire

A wata na takwas da zuwana Koriya ta Kudu, ina tsakiyar shekarar koyon harshe a birnin Daegu, wadda sai ka gama ta ake barinka ka fara digiri na biyu, malamarmu ta shigo aji riƙe da wata 'yar jaka cike da ƙudundunannun takardu. Ta ce mu rabu biyu-biyu, kowane biyu su zari ɗaya, abin da ya fito shi za su yi wa aji bayani a kai na minti goma, da Koriyanci zalla, nan da mako uku. Balpyo suke ce wa wannan, kuma duk wanda ya taɓa zama ajin harshe a can, da ya ji kalmar sai gabansa ya faɗi. Wasu suka ci sa'a da abincinsu kimci, wasu bikin aure, wasu haruffan Hangul. Abokin aikina wani yaro ne Ba'uzbeke ɗan Samarƙand. Na ba shi shekara biyar, don haka yake ce mini hyong, wato yaya, kamar yadda masu ƙasar ke yi. Shi ya zura hannu. Ya warware takardar, ya dube ta, ya miƙo mini bai ce uffan ba. Kalma ɗaya ce, doguwa kamar jirgin ƙasa: dolmuji-donnol-mudom.

Na ɗaga hannu na ce wa malamar, "Sonsengnim, wannan ci ake yi?"

Sai da ta gama dariyarta sannan ta ce a'a, kabari ne.

Ta yanka mana kalmar gunduwa-gunduwa a kan allo. Dol dutse, muji tuli, donnol ɗakin katakon da ake sa akwatin gawa a ciki, mudom kabari. Irin kushewar da ake yi wa sarakunan Shilla ke nan, tun shekara dubu ɗaya da ɗari biyar da suka wuce. Da haruffan boko Silla ake rubutawa, amma Shilla za ka ji a bakinsu, shi ya sa na bi bakin.

Littattafan manya sun fi ƙarfina a lokacin, saboda rabin kalmominsu daga rubutun Sinanci aka aro. Sai na haɗiye girman kai na nufi sashen yara na laburaren unguwa, na zauna a kan 'yar kujerar da gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata, ina karanta tarihi mai zane-zane tsakanin 'yan firamare. A can na san cewa Shilla tana kusurwar kudu maso gabashin ƙasar, babban birninta Sorabol, wanda yau ake kira Gyeongju. Tarihinsu na gargajiya ya ce an kafa ta shekara 57 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta ƙare a 935, lokacin da sarkinta na ƙarshe ya miƙa wuya ga Wang Geon na daular Goryeo, wadda daga sunanta aka samo Koriya. Sarakuna 56 cikin shekara 992, uku daga ciki mata, kuma ba a taɓa ɗauke fadar daga wannan gari ba. Shilla ce ta haɗa kai da daular Tang ta Sin ta ci sauran daulolin ƙasar, Baekje a 660 da Goguryeo a 668, sannan ta juyo ta kori Sinawan a 676. Amma kaburburanmu sun riga duk wannan. Na tsakanin tsakiyar ƙarni na 4 ne zuwa farkon rabin ƙarni na 6, zamanin da ake kiran mai mulki maripgan, zamanin da gidan Kim ya ƙwace sarauta daga karɓa-karɓar da yake yi da gidajen Bak da Seok ya riƙe ta gam. Gidan da bai daɗe da kama gadon sarauta ba yana son a gan shi, kuma babu abin da ake gani kamar tsauni a tsakiyar gari.

Da na dawo na ce wa yaron nan gaskiya: Koriyancina ba zai kai minti goma a tsaye ba, nasa ma haka. Amma ni gini na karanta, kuma ɗan magini ne, tun ina ƙarami nake miƙa tubali. Mu gina musu kabarin ƙarami su gani da idonsu, bakinmu ya huta. Ya ce, "Hyong, ai sai mun ga na gaske tukuna."

Ran Asabar muka hau mota daga tashar Dongdaegu, tafiyar kamar awa ɗaya. Daga tashar Gyeongju ba ka yi nisa da ƙafa ba za ka fara ganinsu, manyan tuddai masu santsi kamar an kifa ƙwarya, ciyawarsu ta fara ja saboda sanyi ya kusa, suna tsaye a bayan shagunan kofi da wuraren ajiye motoci. Ɗaya, Bonghwangdae, har manyan itatuwa sun tsiro a jikinsa. An hana hawa, akwai tara. Cikin dandalin Daereungwon, inda aka killace ashirin da uku, na tarar da layi mai tsawo na samari da 'yan mata, kowa ya ci ado. Na ɗauka tikiti ake saya. Ashe hoto ake jira a ɗauka a gaban wata bishiya da ta fito tsakanin kaburbura biyu. Ni da aka yi wa tarbiyyar cewa ba a dariya a maƙabarta, sai da na ɗauki lokaci kafin ƙafata ta saki. Kuma a nan ne kunya ta kama ni ta wani ɓangaren: ni Bakatsine ne, Durɓi ta Kusheyi tana nan kusa da mu a ƙasar Mani, tuddan kushewar sarakuna ne su ma, amma ban taɓa taka wurin ba sai ga ni na tsallako rabin duniya ina kallon na wasu.

Wanda ake shiga cikinsa shi ne Cheonmachong, a baki kamar Conmacong. Won dubu uku muka biya kowannenmu. An yanke rabin tudun an mayar da shi ɗaki, ta yadda za ka tsaya ka ga cikinsa kamar an raba kabewa. Faɗinsa mita 47, tsayinsa mita 12.7. Na fito da littafina na fara zane tun daga ƙasa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba su haƙa rami ba. Sun daidaita fili, sun shimfiɗa tsakuwa, sun gina ɗakin katako a bisa, mita 6.6 a tsawo, 4.2 a faɗi. A ciki akwatin gawa, kai yana gabas, mamacin sanye da kambi da 'yan kunne da ɗamarar zinariya, takobi a gefe. A wajen kansa wani akwatin na kaya: tukwane, kaskon ƙarfe, kayan doki. Sai aka rufe ɗakin, aka yi ta tula masa duwatsun kogi masu girman kan mutum har suka binne shi, aka shafe tulin da yumɓu, sannan aka ɗora ƙasa mita da yawa. Ba ƙofa, ba zaure, ba wata hanya. Wanda ya shiga ya shiga ke nan, shi ya sa idan ana son a binne mata kusa da mijinta sai dai a manna sabon tudu a jikin tsohon.

Labarin tono shi ma abin ji ne. A 1971 an gano kabarin Sarki Muryeong na Baekje a Gongju ba wanda ya taɓa shi, amma cikin ruɗu da cunkoson 'yan jarida aka kwashe kayan cikin dare ɗaya, abin da masanan ƙasar ke cizon yatsa a kai har yau. To da gwamnatin Park Chung-hee ta ce a buɗe kabari mafi girma a Gyeongju, mai lamba 98, masanan suka ji tsoro. Tagwayen tudu ne, tsawonsa mita 120, ba wanda ya taɓa tona irinsa. Suka ce a bari su koyi hannu da ƙaramin da ke kusa, mai lamba 155. A 1973 suka yi wata takwas a kansa. Wannan na gwajin shi ya fitar da kaya sama da dubu goma sha ɗaya, har da kambin zinariya da wani abin da ba wanda ya zata: zanen farin doki yana tafiya a sama, gashin wuyansa da jelarsa na tashi kamar harshen wuta, a jikin ɓawon wata bishiyar ƙasashen sanyi. Shafi ne da ake ratayawa a gefen sirdi don kada taɓo ya fallatsa wa mahayi. Daga shi aka sa wa kabarin suna, kabarin dokin sama. Wani dattijo mai yi wa baƙi bayani ya ƙara mana da cewa fari ake yi a shekarar, mutanen gari na cewa taɓa sarakuna ne ya jawo, kuma ranar da aka ɗago kambin sai hadari ya haɗu aka kece da ruwa da tsawa har ma'aikata suka watse. Yadda ya ba da labarin, ka san ya ba da shi sau dubu kuma bai gaji ba.

Shi ne kuma ya warware mini wani abu a sunayen. In an san sarkin da ke ciki, neung ake cewa. In ba a sani ba amma an samu wani abin ban mamaki, sai a ce chong a laƙaba masa sunan abin. Waɗannan mutane sun binne dukiya mai yawan gaske, amma ba su sa ko allo ɗaya mai sunan mamacin ba.

Da la'asar muka je gidan tarihi na ƙasa da ke garin, shiga kyauta, don na cikin kabarin kwafi ne, na ainihin yana can. Kambin yana cikin gilashi a ɗaki mai duhu. Tsayinsa santimita 32.5, da rassa uku a gaba kamar bishiya, biyu a baya kamar ƙahon barewa, an rataya masa ƙananan faya-fayan zinariya da koren dutse mai lanƙwasa kamar ƙodar kaza, wanda suke kira gogok. Zinariyar siririya ce ƙwarai, har masana na gardama ko an taɓa sa shi a kai ana raye ko don gawa kawai aka ƙera. Irinsa shida aka samu a duk Shilla. Abokina kuwa wani ƙaramin kofin gilashi shuɗi ne ya tsayar da shi, da wata wuƙa mai kube na zinariya da jajayen duwatsu, waɗanda duk daga yamma mai nisa suka zo. Ya dafa ƙirji ya ce ta garinsu suka bi, kuma a bangon tsohuwar fadar Afrasiyab a Samarƙand akwai zanen jakadu biyu masu gashin tsuntsu a hula da ake cewa daga Koriya suka je. Ban yi masa musu ba. Ni ma na samu nawa abin taƙamar daga baya, da na karanta cewa malaman ƙasa na Musulmi sun san wurin. Ibn Khurdazbih a ƙarni na 9 ya rubuta cewa bayan Sin akwai ƙasar Shila mai yawan zinariya, Musulmin da ya je ba ya son dawowa. Al-Idrisi ma ya ce har sarƙar karnukansu ta zinariya ce. Wannan kam ina jin labarin fatake ne da ya ƙara kitse a hanya.

Muka dawo da burodin Hwangnam mai cikin jan wake da hotuna sun fi ɗari uku, kusan duka shi ya ɗauka, har da na abubuwan da na ce masa ba su da amfani.

Lissafin ya zo da daɗi. In ka rage komai sau ɗari, tudun zai zama santimita 47 a faɗi, kusan 13 a tsayi, daidai babban tiren shayi. Ɗakin katakon ya koma kamar kwalin ashana. Dutse mai girman kan mutum ya koma kamar ƙwayar dawa, don haka tsakuwar da ake zubawa a tankin kifin ado ta yi daidai. A shagon Daiso na sayi ita da tire da gam da yumɓun yara da tsinken sakace, ƙasa kuma na roƙi mai kula da furannin makaranta. Na samo farin roba mai kauri da ake gani ta ciki na tsayar a tsakiyar tiren, don mu gina rabi a jikinsa kamar yadda muka gani. Bangon ɗakin na yi shi da tsinken juya kofi, rufin kuma da kwalin biskit, saboda tsinken ya ƙare kuma dare ya yi. Kambin daga takardar cakulan mai ruwan zinariya yaron ya yanka shi da almakashin farce, ya ɓata guda shida kafin na bakwai ya tsaya. Gawar ƙwayar shinkafa biyu ce da aka manna, aka naɗe da tishu.

Matsala ta farko tsakuwa ce. Duk yadda na tula ta sai ta zame ta baje, ta ƙi tsayawa da gangaren da na zana, saman kuma ya ƙi yin faɗi. Na san dalili a takarda, kowane abu mai gangarowa yana da iyakar tsayuwarsa, amma sanin bai tsayar da ita ba. Na yi niyyar zuba gam a ciki in huta, yaron ya ce, "Hyong, su da wane gam suka yi?" Ya ɗauko wayarsa yana ta latsawa har ya kai kan hotunan Geumgwanchong, wani kabarin da muka leƙa a gurguje ina ta sauri. Shi ne wanda aka fara samun kambi a ciki, a 1921, zamanin mulkin Japan, lokacin da ake aikin gini a bayan wani gida. Waɗanda ba aikinsu ba ne suka kwashe kayan cikin kwana huɗu. Da aka sake tona shi a tsanake a 2015, sai aka ga ramukan ginshiƙai jere a ƙasa. Ashe kafin su zuba dutse ko ɗaya sai sun kafa dirkoki zagaye-zagaye, sun ɗaure su da na kwance kamar ana ɗaurin rumfa, sannan su cika tsakanin da duwatsu. Ga shi nan a hoton, an sake kafa shi da girmansa na ainihi, na wuce ta gabansa ban gani ba. Kwana biyu na yi ina kafa tsinken sakace a cikin yumɓu layi uku, ina ɗaure su da zare. Da na zuba tsakuwar ta zauna daram.

Na shafe ta da yumɓu mai ruwa-ruwa, na bi da ƙasa a jiƙe, ina dannawa da bayan cokali kaɗan-kaɗan kamar mai daɓe. Ranar Laraba da dare aka gama, balpyo ran Juma'a. Ta jikin robar kana ganin komai: ɗaki, akwati, ɗan kambi yana ƙyalli, tsakuwa, yumɓu, ƙasa. Don ya bushe da wuri sai na ajiye tiren a ƙasan ɗakina. Ɗakunan Koriya ta ƙasa ake ɗumama su, ondol suke cewa, kuma a ranar aka kunna na ginin namu.

Daren Alhamis, wajen ƙarfe ɗaya, na tashi shan ruwa na haska shi. Saman tudun ya lotsa kamar an danna da babban yatsa. Na durƙusa na leƙa ta robar. Babu ɗaki. Zafin ƙasa ya tayar da damshin yumɓun, kwalin biskit ya sha ya yi laushi, rufin ya karye, tsakuwa ta zubo ta cika ko'ina. Kambin ko alamarsa.

Ƙarfe ɗayan dare a Daegu biyar na yamma ne a gida. Ban san wanda zan kira ba sai Baba. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar, ƙanena ya riƙe masa wayar. Bayan gaisuwa na juya kyamara na nuna masa, na yi masa bayani tun daga farko.

Ya ce, "Injiniya, wato ba su haƙa ba? A bisa suka ɗora?"

Na ce, "E, Baba."

"To ai rumbu suka gina, ba kabari ba. Matso da shi in gani." Ya yi shiru yana kallo. "Da me suka yi rufin, su masu abin?"

"Da katako, Baba."

"Shekara nawa?"

"Dubu da ɗari biyar."

Sai ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. Ya ce, "Kai da ka je maƙabarta da ni sau nawa? Itacen da muke jerawa a kan 'yar kabari, damina nawa yake yi? Ba ka ga yadda tsohon kabari ke zama ba, har a zo a ƙara masa ƙasa? Itace a cikin ƙasa ai ruɓewa yake. Nasu ma ya rufta tun tuni. Naka dai ya yi sauri ne."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba," na kashe, na ɗauko littafin yaran da na aro. Yana nan a shafin da na karanta sau uku, har da zane: bayan wasu shekaru katakon yakan ruɓe, duwatsun su rufta ciki, shi ya sa masu tono ke tarar da tsakiyar tulin ya lotsa. Na karanta shi a matsayin ɓarnar da ta samu kabarin, ban haɗa shi da jimlar da ke ƙasansa ba, wadda ta ce irin waɗannan kaburbura sun fi kowane iri tsira daga ɓarayi. Na ɗauko hantsakin cire gashi na gwada zaro kambin ta sama. Duk tsakuwar da na cire, biyu sun gangaro sun maye gurbinta. Na gwada ta gefe, ramin ya rufe kafin in kai rabi. A tire abin dariya ne. A girman gaske, mutum ne a cikin rami da dare, duwatsu masu girman kansa na zubo masa.

Kafin asuba na yi kabari na biyu, wanda bai ɗauke ni awa ɗaya ba: ɗan ɗaki na dutse da zaure da ƙofa, na rufe da ƙasa. Irin wanda Shilla ta koma yi ke nan daga tsakiyar ƙarni na 6, bayan ta karɓi addinin Buddha a zamanin Sarki Beopheung, aka rage binne dukiya, aka koma gefen duwatsu bayan gari. Ana buɗe ƙofar a ƙara wani mamacin in bukata ta taso. Na sa masa ɗaya daga cikin kambunan da suka lalace.

Ran Juma'a muka shiga aji da tire biyu. Yaron ya yi nasa ɓangaren na shekaru da sarakuna, ya kawo maganar babban kabarin nan mai lamba 98, Hwangnam Daechong, inda aka samu kambin zinariya a tudun matar, na mijin kuwa tagulla ce da aka shafa wa ruwan zinariya. 'Yan matan ajin suka yi tafi. Ya kuma faɗi abin da ba a yi wa tafi ba, cewa a gefen dattijon an samu ƙasusuwan yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyar da aka binne tare da shi, kuma sai a 502 Sarki Jijeung ya hana wannan al'ada, wadda a da take cin maza biyar da mata biyar in sarki ya mutu.

Da aka zo kaina na ce a 1973 masana sun yi wata takwas suna dogul a Cheonmachong. Malama ta rufe baki da hannu. Balgul nake nufi, tonon bincike. Dogul shi ne na ɓarayin kabari. Gaɓa ɗaya ce tsakaninsu, kuma da na tuna kwana huɗun nan na 1921 sai na ga kuskuren nawa bai yi nisa sosai ba, amma Koriyancin da zan faɗi haka da shi babu, sai na ba da haƙuri na wuce.

Na kira wata 'yar Vietnam da ke gaba na ba ta cokalin shayi da hantsaki, na ce yau ke ce ɓarauniya, ga kabari biyu, minti ɗaya-ɗaya. Na dutsen, ta kankare ƙasar bakin ƙofa, ta ture marfin, ta zaro kambin kafin a ƙirga goma sha biyar. Ta koma kan ruftaccen da ƙarfin gwiwa. Aji ya taso ya kewaye ta, ana ƙirgawa da ƙarfi, hana, dul, set. Tana ɗiba yana zubowa. Minti ya cika, malama ta ce a ƙara mata wani. Shi ma ya cika, ba ta ga ko ƙyallinsa ba, ta ajiye cokalin ta ce wani abu da harshensu wanda 'yan ƙasarsu biyu suka fashe da dariya a kai suka ƙi fassarawa.

Malama ta tambaye ni ko da gangan na rusa rufin. Na so in ce e. Yaron ya riga ni, ya ce ondol ne ya rusa, mahaifin hyong kuma ya yi bayani daga Najeriya. Ta rage mana maki biyu saboda dogul da wasu kurakuran nahawu, ta ba mu sauran.

Da na kira gida na faɗa, Baba ya ce to a cikin makin nawa ne nasa. Na ce duka. Ya ce a'a, a ba mai biskit rabonsa.

Ran Lahadi na shimfiɗa jarida a ƙasan ɗaki na juye tiren, saboda mai kula da furanni ya ce in mayar masa da ƙasarsa, tsakuwar ma yana so. Sai da na yi minti ashirin ina tonawa da yatsa kafin na samu kambin. Ya baje ya zama fale-fale, rassan sun haɗe wuri ɗaya sun rufe ƙwayar shinkafar, amma ko reshe ɗaya bai ɓace ba. Na kai wa yaron, tunda shi ya yanka. Ya sa shi a bayan wayarsa, cikin robar, tare da katin motarsa.